Nasiha Ga Matasa Kafin A Kafa Ƙusa A Tsohon Bango

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, waɗanda Allah Ya nufa da fita daga inuwar iyaye zuwa ɗakin kansu, ko dai saboda aure, ko saboda aikin albashi da ya jefa mutum wani birni, ko kuwa neman ilmi: ina so in ja hankalinku zuwa ga wata mas'ala wadda galibin mutane ke rainawa, ba sa ma lissafa ta cikin shirin tarewa, alhali kuwa a kanta dukiya ke salwanta, zaman maƙwabtaka ke ɓaci, wani lokaci ma, Allah Ya kiyashe mu, har rai ke halaka. Mas'alar kuwa ita ce ta mutumin da za ku kira ya haɗa muku gado da sif da kabad, ya kafa muku madubi da talabijin da ƙarfen labule, a gidan da aka gina tun ba a haife ku ba.

Saurayi yakan yi wata da watanni yana zagaya shagunan kayan ɗaki, yana taya wannan yana kushe wancan, iyayen amarya kuma su shekara suna tari da adashi saboda kayan 'yarsu, amma ran da kafi ya zo, sai a dubi wani yaro a ce masa, "Maza je ka bakin titi ka samo mana kafinta." Duk wanda yaron nan ya ci karo da shi, muddin dai yana rataye da jaka da guduma a ciki, shi ke nan an danƙa masa guzurin shekara guda, an kuma sallama masa bangon da babu mai shi a cikin waɗanda ke tsaye a wurin. Da sabon gini ne, wanda magininsa ke nan da rai ana iya tambayarsa, da lamarin ya zo da sauƙi. To amma ɗakin farko na matashi a birni, in ba ɗan gata ba ne, tsohon gida ne na haya.

Ku san cewa unguwannin da kuke samun haya da ɗan rangwame a cikinsu suna da shekaru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a daɗe ba aka yanka Sabon Gari saboda baƙin da suka biyo shi, Fagge kuwa ta riga wannan da nisa, tun zamanin fatake. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, ta tara barikoki da gidajen ma'aikata. Daga baya gwamnatoci suka yi rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda har yau ake kira gidajen Shagari, na tsakanin 1979 da 1983. Kowane zamani da irin kayan gininsa da irin hannun magininsa, kuma kowane gida ya bi ta hannun magada da 'yan haya, wannan ya toshe taga, wancan ya fasa ƙofa, wani ya raba falo biyu don ya ƙara kuɗin haya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami ɗaki guda wanda bangonsa na gabas tubalin ƙasa ne, na yamma jan bulo, na kudu kuwa bulon siminti ne da aka tsayar shekaran jiya, sa'an nan aka bi duka da filasta da fenti iri ɗaya, ido ba ya rarrabewa.

Ginin ƙasa shi ya fi yaudarar mutane, musamman wanda aka yi wa shafen siminti. Ƙasa da siminti ba sa zama abu guda. A kwana a tashi, damina ta zo ta wuce, zafi ya biyo baya, sai shafen ya rabu da jikin bango, ya zama ɓawo yana tsaye da ikon Allah. Ƙusa takan shiga irin wannan bango ba da gardama ba, mai kafawa ya yi murna, alhali abin da ta kama bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Kakanninmu da suka zauna cikin soraye sun san halin ƙasa, shi ya sa ba su jingina mata nauyi daga baya: tun ana gini ake fitar da alkuki inda za a ajiye fitila, ake dasa turakun rataya tun ƙasa na ɗanya, ragaya kuwa a jikin azara ake ɗaura ta, domin azarar giginya ita ce aka yi don ɗaukar nauyi. Bulon siminti na zamani shi kuma tasa illar daban ce. Mai inci tara da mai inci shida duka rami ne a cikinsu, naman da ke tsakanin fuskar bulo da raminsa kaɗan ne, kuma idan mai buga bulon ya yi tsumulmular siminti, ya shimfiɗa buhu guda a kan yashin da ya fi ƙarfinsa, to da farce ma ana kankare shi. Jan bulo na tsofaffin gidajen gwamnati da na reluwe ya fi riƙo, sai dai kwaɓin da ke tsakaninsa kan ruɓe da tsufa. Kankare kuwa, na ginshiƙi da na saman ƙofa da taga, yana riƙe komai, amma akwai rodi a cikinsa, kuma ba kowane inji ke huda shi ba.

Daga nan za ku gane abin da kuke saye sa'ad da kuka yi jinga da kafinta a tsohon gida. Ƙarfin damtse yana da araha, kowane yaro na da shi. Abin da ke da tsada shi ne sanin bango, kuma ana gane mai shi tun kafin ya buɗe jakarsa. Gwani idan ya shigo ba ya fara da tambayar inda ake son abu. Yakan fara zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana saurare, domin amon wurin da ke cike dabam yake da na wurin da filasta ta saki. Yakan tambayi abin da ke bayan kowane bango. Yakan dubi gindin gini ko akwai tabon danshi, ko farin gishirin nan da ke tsattsafowa yana kumbura fenti. Yakan ɗaga kai ya dubi inda makunnin wuta da soket suke. In zai huda, yakan fara da ɗan siririn baki a wurin da kaya za su rufe, ya tara tafin hannu ya dubi garin da ya fito: ja ne, ko toka-toka, ko yashi ne zalla mai zuba da kansa, ko kuwa mai laima ne da ke dunƙulewa. In bakin injin ya yi tafiyar inci guda ya faɗa fanko, ya san ya shiga ramin bulo. In ya tsaya cak yana ƙara, ya san rodi ne, ba ya kuwa tilasta shi.

Na taɓa halartar kafin 'yar wani amini a saman wani tsohon bene a Fagge, inda aka kira wani dattijon kafinta da yaronsa. Gwaggon amarya, wadda ita ce shugabar 'yan jere, ta nuna bangon da ke fuskantar ƙofa ta ce a nan za a rataye kabad ɗin tangaran, domin duk wanda ya shigo ya fara tozali da shi. Dattijon ya ƙwanƙwasa, ya shafa da tafin hannu, ya leƙa waje ya dawo, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, wannan bangon ba zai ɗauka ba. Bayansa banɗaki ne, ya daɗe yana shan ruwa." Ta ce, "Haba Malam, bangon da aka yi wa fenti makon jiya?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai fenti ba ya riƙe kaya." Sai ya ɗauki ƙusa, ba tare da guduma ba, ya danna ta da babban yatsa ƙasa-ƙasa, ta nutse har rabi, yashi mai danshi ya zubo a kan sabuwar leda. Hajiya ba ta ji daɗi ba, ta kuwa faɗi abin da ke bakinta, amma shi bai ja da baya ba: ya aiki yaronsa ya sayo katako, ya yi wa kabad ɗin ƙafafu ya tsaya a ƙasa, ya bar ɗan rata tsakaninsa da bangon don iska ta riƙa ratsawa. Kafintan da ke iya ce wa gwaggon amarya a'a ranar jere, ku riƙe lambarsa, ku gaya wa 'yan'uwanku.

Akasinsa kuwa shi ne mai cewa "ba komai" ga duk abin da aka nuna masa. Za ku gane shi da dabarar nan da ta zama ruwan dare, watau idan rami ya yi wa ƙusa yawa sai a cusa tsinken tsintsiya, ko ashana, ko a fere ɗanyen katako a buga a ciki. Ranar da aka yi, abin yakan riƙe gam. Amma da hunturu ya busa, katakon ya bushe ya tsuke, sai ƙusa ta fara zamowa a hankali ba mai lura. Abin da ya dace shi ne 'yar robar nan da ake cusawa a rami, wadda masu sana'ar ke kira fisha, a zaɓi daidai girman ramin da daidai ƙusa mai barima da za ta shige ta. Abu mai nauyi kuwa a kan kankare ko jan bulo, noti na ƙarfe ake sa masa, mai buɗewa a cikin ramin idan an ɗaure. Ku riƙa yin lissafin nauyi da kanku, domin ba shi da wuya. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka tukunyar dafa ruwan wanka mai cin lita 50, idan ta cika, ta haura nauyin buhun siminti, kuma a banɗaki ake rataye ta, inda bango ya fi ko'ina ruɓewa, a saman kan mai wanka. Haka nan talabijin da aka ɗora a ƙarfe mai hannu, wanda ake jawowa ana juyawa, yana fizgar notin sama fiye da wanda aka manna a jikin bango, duk da nauyinsu ɗaya ne.

Sai kuma abin da ke binne, wanda shi ne mafi hatsari. A wasu tsofaffin gidaje wayar wuta a fili take, an bi bango da ita ana gani, wannan rahama ce. A wasu kuwa an binne ta cikin filasta, kuma ƙa'idar masu wayarin ita ce waya ta miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni, don haka ba a huda kan waɗannan layuka. Amma gidan da hannaye da yawa suka taɓa ba a rantsuwa a kansa, domin wani ya ja tasa a karkace don ya rage tsawon waya. Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kisa. A kashe babban makunni daga wajen mita kafin a fara, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta. Ga ma wata fitina ta musamman a ƙasarmu: idan aka yi huda da injin batir ko na janareta a lokacin da babu wuta, bakin injin kan gutsure waya ba wanda ya sani, a biya kafinta ya tafi, sai cikin dare an kawo wuta a ji ƙauri na fitowa daga bayan sif. Bututun ruwa ma haka, sau da yawa famfo a bushe yake ranar aikin, ɓarnar ba ta bayyana sai ran da ruwa ya zo, ta kuwa fara bayyana ne a silin maƙwabcin da ke ƙasa. Saboda wannan nake ganin wajibi ne, idan aka gama, a tayar da janareta a kunna kowane soket da kowane ƙwan lantarki, a buɗe ruwan tanki, tun mai aikin bai bar gidan ba.

Game da sama kuwa maganata gajeriya ce. Farin silin nan mai faifai murabba'i da ke cikin gidaje masu yawa na shekarun baya, galibinsa na asbestos ne, wanda likitoci suka tabbatar ƙurarsa na jawo mugun ciwon huhu da daji bayan shekaru. In an bar shi lafiya lau ba ya tayar da ƙura, amma kada a huda shi, kada a goge shi da sanfefa. Tsohon fentin mai kuma yakan ƙunshi dalma, a fitar da yara da mai juna biyu har a share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Fanka ba a jikin silin ake rataye ta ba, sai a ƙugiyar da ke cikin kankare, ko a jikin katako mai ƙwari wanda aka hau aka duba gara ba ta cinye cikinsa ba.

Mu dawo ga kayan kansu. Gadon iyayenmu na maɗaci ko na ƙarfe ana kwance shi a ɗaura sau goma bai ce uffan ba. Mafi yawan kayan yau kuwa, na shago da na kwali masu zuwa daga waje, dusar katako ce aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Suna da kyan gani, amma ramin noti a jikinsu in ya zarce ya zarce ke nan, ruwa kuma in ya taɓa gindinsu sai su kumbura su yi burtsatsi. Ɗan haya kuwa ba ya rasa ƙaura. Don haka haɗin farko shi ne mai muhimmanci, kuma a nan ne gaggawa ke ɓarna: a ƙirga notuna da faifan katako tun ana buɗe kwali, a bi takardar zanen da ta zo da su, kada a ɗaure kowane noti tamau sai an tsayar da jikin kayan duka ya daidaita, kuma kada a yarda a buga ƙusa inda aka yi don noti. Daɓen tsohon ɗaki ba ya rasa lotsawa, shi ya sa za ku ga sabon sif ƙofofinsa sun ƙi haɗuwa, ɗaya ta ɗara ɗaya, a yi ta zagin mai shago alhali laifin ƙasa ne. Mai sanin aiki yana tafe da ma'aunin nan mai ɗigon iska cikin ruwa, yana sa ɗan guntun katako ko roba a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Tun kafin ku biya kuɗin kaya ma, ku auna faɗin ƙofa, da tsawon ɗaki daga ƙasa zuwa silin, da kwanar matakala, domin benayen da aka yi a da matakalarsu a tsuke take, kuma na ga kujerar da aka jawo da igiya ta baranda, jama'a na kallo, ta isa sama da gurzajjen hannu.

Akwai abu guda da nake roƙonku da girman Allah kada ku yi sakaci da shi, ko da mai gida zai yi ƙorafin rami: duk dogon abu mai durowa ko ƙofa, a ɗaure samansa da bango. Yaro mai rarrafe da mai tatata ba su san nauyi ba. Yakan jawo durowa ya taka, ya jawo ta sama ya kama, nauyin ya rinjayo gaba, kayan su kife a kansa cikin ƙiftawar ido, sau da yawa ba a ma jin kuka. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga hannun jama'a a Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanya, daga bisani kuma aka yi doka a can, wadda ta fara aiki a 2023, ta wajabta gwada tsayuwar irin waɗannan kaya kafin a sayar. Mu nan babu mai gwada mana, ga daɓenmu kuma a karkace. Abin ɗaurin kuwa ƙaramin ƙarfe ne mai kusurwa da noti biyu ko uku, a nemi wurin da bango ke da ƙwari a kafa.

Bangon nan kuwa, kada ku manta, amana ce a hannunku. Abin da kuka biya kuɗinsa zama ne da amfani bisa al'ada, kuma al'ada ta yarda da ƙusar labule da ta agogo, amma ba ta kai ga fasa bango don na'urar sanyaya ɗaki ko huda tayil ba sai da izni. Ku nemi mai gida ko wakilinsa tun da wuri, ku faɗa masa abin da za ku kafa da inda za ku kafa, ku sami yardarsa a rubuce ko a gaban shaida, ku ɗauki hoton bangon da wayarku kafin a taɓa shi, domin ranar tashi kowa mantuwa yake yi ta ɓangaren da ya fi masa. Sau da yawa ma mai gidan ko tsohon ɗan haya shi zai gaya muku ta inda bututu ya bi. Musulunci bai bar maganar bango ba: akwai hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, mai kwaɗaitar da mutum ya bar maƙwabcinsa ya kafa itacen gininsa a jikin bangonsa, kuma malamanmu na Malikiyya sun ɗauke shi a kan mustahabbi, alƙali ba ya tilastawa. Har wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya wallafa littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini da cutarwa tsakanin maƙwabta. To idan mai gidan kansa yana bukatar yardar maƙwabci kafin ya jingina itace, ina ga ɗan haya da injin huda a hannu? Ku yi wa na bayan bango sallama, ku tambaya ko akwai marar lafiya ko mai jego, ku kauce wa lokacin ƙailula da bayan magariba, ku kuma gaya wa kafinta kaurin bangon, domin dogon baki yana ratsa bulo mai inci shida ya ɓulla ɗakin mutane.

Amma jinga, to hukuncinta na ijara ne, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san sharaɗinta shi ne a san aiki a san lada tun farko. Kalmar nan ta "yi kawai, ba za mu ɓata ba" ita ce uwar ɓatawa. Ku lissafa abin da za a haɗa da abin da za a kafa ɗaya bayan ɗaya, ku ware kuɗin kayan aiki daban da kuɗin hannu, ku faɗi wanda zai sayi fisha da noti da man janareta, ku tambayi mai shagon da ya sayar muku ko kafi na cikin farashinsa. In an nemi kafin alƙalami a bayar daidai kuɗin kayan aiki, saura sai an gama. Fuƙaha'unmu sun yi wani bambanci da ya kamata ku sani: mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, idan ya karɓi kayanka ya tafi da su shagonsa inda ba ka gani, lamuninsu na wuyansa, sai in ya kawo shaidar cewa sun halaka ba da sakacinsa ba, amma idan a gidanka ya yi aikin, ko a gaban idonka, to amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Tafsilin wannan yana wurin malamanku. Abin da ya shafe ku a ciki shi ne, kafintan da ke cikin ɗakinku ba kowace ɓarna ce za ku ɗora masa ba, balle idan ya gargaɗe ku kuka ce lalle sai ya huda a nan.

Wajen nema kuwa, hoton da mutum ya sa a Facebook ko WhatsApp ba hujja ba ne, domin hoton aikin wani ba shi da wuyar ɗauka. Ku nemi wanda ke da mazauni sananne, shago ko rumfa ko maigidan da ya koya a hannunsa, inda za ku same shi bayan wata guda in ƙofa ta saki. Mafi kyau duka shi ne wanda ya taɓa aiki a cikin wannan gidan ko wannan layin, wanda maƙwabta suka shaida. A da kowace sana'a na da sarkinta da ake kai wa ƙara, yanzu ma kafintoci na da ƙungiyoyi a unguwanni da kasuwanni, kuma tambayar mutum wa ya koya masa ba cin fuska ba ce. Kada ku matse farashi har mai aiki ya sallama yana ɓacin rai, domin abin da kuka rage daga ladansa, daga tsawon notinku zai cire shi, araha kuwa ba ta ado.

Ranar aikin, namiji daga cikin dangi ya tsaya tun daga farko har ƙarshe, don kiyaye mutuncin gida da kuma amsa tambaya. A kawar da kuɗi da zinari da wayoyi daga ido, saboda ranar jere hannaye suna da yawa, kuma in abu ya ɓata bakin kowa kan talakan da ya zo neman halalinsa yake faɗawa, a ɗauki alhakinsa da zato. A ba shi ruwa, in lokacin abinci ya yi a sa da shi da yaronsa, a nuna musu wurin alwala. Idan ya ce ya gama, ku buɗe kowace ƙofa da kowace durowa, ku girgiza gado, ku kama abin da aka kafa ku ja shi da ƙarfi a gabansa, ku karɓi ragowar notuna da ɗan makullin ɗauri ku adana saboda ranar ƙaura. In komai ya yi daidai, ku biya shi nan take cikakke, kamar yadda hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya yi umarni da gaggauta ladan ma'aikaci. "Dawo gobe" ga wanda ya gama aikinsa zalunci ne, ko da an faɗe shi da murmushi.

Ku kuma iyayen amare da angwaye masu shirin tarewa bana, ina roƙonku ku sa ladan kafinta cikin lissafin kayan ɗaki tun ranar da kuka fara tari, sa'an nan ku kai shi ya ga ɗakin mako guda kafin ranar kafi, lokacin da babu guɗa babu gaggawa, ya ƙwanƙwasa bangonsa a tsanake. Allah Ya sa ku shiga a sa'a, Ya ba da zaman lafiya.